Wane Linux zan sa don karatun kula da sabar, Debian ko Ubuntu ko Kali?

ɗan_Birni:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Bana na shiga shekara ta biyu a fannin rezo (haɗa kwamfutoci da juna) a nan Damagaram, malaminmu ya ce kowa ya zo da Linux a kwamfutarshi kafin a fara tepe (darasin aikin hannu) amma bai ce ga wanda za a sa ba, da muka tambaya sai ya ce wai Linux ai Linux ne. Tawa HP ce ta hannu, Core i5 tsohuwa, ram jiga 8, kuma ba na son in goge Windows ɗin ciki don ƙanwata ma da ita take aiki. 'Yan ajinmu da yawa sun sa Kali wai shi ne na ƙwararru, wani ya ce min Ubuntu na 'yan koyo ne. Ni kuma forfe ɗina na intanet ba zai ɗauki in yi ta saukewa ina gwadawa ba. Wanne zai kai ni har lokacin istaj (koyon aiki a ma'aikata)?

Mai_Kebur:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kali dai ka bar musu abinsu. Don gwajin kutse aka yi shi, ba don riƙe sabar ba, kuma shi kanshi a kan Debian aka gina shi, Ubuntu ma haka, to mi zai hana ka je wurin uwar kai tsaye? Debian tun 1993 yake, ba ya rawar kai, abin da ka koya bana za ka iske shi baɗi inda ka bar shi.

Windows ɗinka kar ka taɓa shi. Sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙiro mashin, wato wata kwamfuta ta kwaikwayo a cikin taka, ka girka Debian a ciki, in ka zo wurin da yake tambayar kayan da za a sa ka cire alamar GNOME da duk wani tebur mai hotuna, ka bar SSH na shiga mashin daga nesa da kayan aiki na asali kawai. Baƙin allo za ka samu da wurin rubutu, shi ke nan, kuma jiga 1 na ram ya ishe shi, wato da jiga 8 ɗinka za ka tada biyu ko uku lokaci guda, ɗaya ta raba adireshi da DHCP, ɗaya ta riƙe DNS mai juya suna zuwa adireshi, ɗaya kuma ka mai da ita kiliyan mai neman hidima wurinsu. Karatun naku ai nan yake, ba a launin allo ba. Kuma kafin ka taɓa wani abu mai haɗari kamar /etc/fstab ka ɗauki hoton mashin ɗin tukuna (snapshot, wato ajiye halin da yake ciki), VirtualBox na da wurin yin haka, in ta ƙi tashi ka fara ƙoƙarin gyarawa da hannunka, sai ka gaji sannan ka koma baya.

Abu ɗaya da ke rikita sabbi: in ka sa wa root, wato babban mai iko a mashin, kalmar sirri lokacin girkawa, Debian ba zai ba ka sudo da ake aron ikon root da shi ba, za ka rubuta ya ce bai san shi ba. In kana son sudo tun farko ka bar wurin nan fayau.

'yar_Zango:
Yaya Mai_Kebur ban ƙi taka ba amma wanda ya ce Ubuntu na 'yan koyo ne bai taɓa hayar sabar a intanet ba, can kusan duk inda ka je Ubuntu Server na cikin na gaba-gaba da za a miƙo maka. Mai LTS, wato mai doguwar kulawa, ake ɗauka irin 24.04, duk shekara biyu a watan Afrilu ake fitar da sabo kuma ana kula da shi shekara 5. Ga shi in abu ya kakare maka da dare ka kwafi saƙon kuskuren ka nema, amsoshin Ubuntu sun fi yawa har da Faransanci. Da shi da Debian apt ɗin girka kaya ɗaya ne, systemctl na kunna hidimomi ɗaya ne, inda suka rabu sosai wurin saita rezo ne, Ubuntu da netplan yake aiki, fayil ɗin YAML da in ka ƙara fili ɗaya a farkon layi sai ya ƙi.

Maganar forfe kuwa kar ka yarda ka sauke Ubuntu mai tebur, ya kusa jiga 6. Debian netinst bai kai jiga 1 ba sai dai yana jan sauran kaya daga intanet yana cikin girkawa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar mutum ɗaya ya sauke DVD na farko na Debian, a sa a kile USB mai Ventoy, manhajar da ke sa a tada kwamfuta daga kile, kowa ya kwafa. Sannan ka duba kilabiyenka, wato madannan rubutu, tun wuri, kwamfutocin da ake kawowa daga Kano yawanci QWERTY ne, mu kuma hannunmu ya saba da AZERTY, sai mutum ya zaɓi Faransanci wurin girkawa ya sa kalmar sirri mai a ko q ko m, gobe ya rantse an canza mishi ita.

Tsohon_Rezo:
Duk kun tsaya gida ɗaya. Yaro, ka fara da Debian ɗin ba laifi, amma kafin shekara ta ƙare ka ƙara mashin guda ta gidan Red Hat, don manyan kamfanoni da yawa RHEL, wato Red Hat Enterprise Linux, suke riƙe da shi, ranar da aka zaunar da kai gabanshi ka rubuta apt za a gane ka. Can dnf ne da rpm, katangar wuta firewalld, ga tsarin tsaro na SELinux da zai hana sabar yanar gizo Apache karanta fayil alhali izinin fayil ɗin daidai yake, ka yi ta chmod har asuba ba abin da zai canza sai ka gyara lakabin da restorecon.

In ka ga darasin da ke cewa ka sa CentOS to ya tsufa, CentOS 8 an rufe shi ƙarshen 2021, na 7 ma ya ƙare a Yunin 2024. Rocky Linux da AlmaLinux ne suka gaje shi, kyauta ne dukansu. Ɗauki na 9 don na 10 na Rocky ba ya tashi a kan Intel da ya girmi ƙarni na 4. Fedora kuwa duk wata shida sabo, forfe ɗinka zai ji a jikinshi. In kana da niyyar LPIC-1, takardar shaidar iya Linux, nan gaba, jarrabawa biyu ce 101 da 102, kuma a 101 ana tambayar dpkg da rpm duka.

ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai manya, Allah ya saka. Debian zan fara sawa. Sai dai na buɗe VirtualBox ɗin yanzu 32-bit kaɗai yake nuna min a jerin, ba 64, ko kwamfutar ce ba za ta iya ba?

Mai_Kebur:
Za ta iya, VT-x ne a kashe. Sake tada ta, tana kunnuwa ka yi ta danna F10 ka shiga BIOS, nemi inda aka rubuta Virtualization Technology ka kunna ka ajiye. In ya ƙi duk da haka ka duba ko Hyper-V na kunne a Windows ɗin. Kuma ka sa caji ya cika kafin ka fara girkawa, ka san halin kuran, wato wutar lantarki, a zafin nan.