Musayar Waƙa: Matar Mamaci da Dukiyar Marayu

Hajiyar Karantina, Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. A azumin 2023 an nuna wasan kwaikwayon Masar mai suna Tahtal Wisaya, labarin matar da mijinta ya rasu ya bar jirgin kamun kifi, amma dokar ƙasar ta 1952 ta damƙa riƙon dukiyar 'ya'yanta ga kakansu na wajen uba. Wasan ya sa wasu 'yan majalisar Masar sun nemi a gyara dokar. Mai ja ya amsa da baiti.

Ta fita takaba ranta a ɓace,
Jirgin mijinta ana so a ƙwace,
Dalili guda, wai ita mace ce,
To wa zai ci da marayun nan?

Malamin Sharar Mansur, Makka:
Hajiya, wasa ba ya fatawa,
Masu shirinsa riba suke nemowa,
Matan mutane suke zugawa,
Su ɓata kaka a idon jika.

'Yar Madina:
Malam, ka tsallake kukan maraya,
Ka kama zargi ka kauce hanya,
Nisa'i aya ta 10 ta tsoratar da mai cin dukiya,
Ko ita ma zuga ce, Malam?

Baba Direba, Jidda:
Allah ya ƙara basira, 'yata. Duk wanda ya taɓa ganin rabon gado a cikin danginsa ya san inda gaskiya take, kuma ba a Makka take ba yau.

Malamin Sharar Mansur:
Baba, a bar ɓangaranci. 'Yar Madina, ɗangonki na uku ya ninka sauran tsawo, domin kin cusa masa lamba har karin ya karye, kuma wanda bai iya auna baiti ba bai kamata ya auna hukunci ba.

'Yar Madina:
Malam, naka ɗango na biyu ma ya ɗara na farko da gaɓoɓi biyu, amma ban ɗaga maka shi ba saboda girmanka.

Malamin Sharar Mansur:
Ban halatta cin haƙƙin marayu ba,
Sai dai ban yarda da tallar fitina ba,
Kano ma ba ta zuba musu ido ba,
Ta tsai da shirye-shirye ashirin da biyu.

Ɗalibin Jami'a, Madina:
Gafarta Malam, dalilin da hukumar tace fina-finai ta Kano ta bayar a watan Mayun 2025 shi ne an saki shirye-shiryen ba a kai mata ta tace ba. Ba ta ce laifinsu maganar mata ba ne.

Inna Mai Ɗinki, Makka:
Na makara, amma nawa ƙorafin daban ne.

Ni ƙarshen wasan ya dame ni,
An ɗaure uwar, abin ya ɓata ni,
Wane darasi aka koya mini?
Mai neman haƙƙi ta ƙare a kurkuku.

Hajiyar Karantina:
Inna, da sun sake ta da sun yi ƙarya,
Da mun yi tafi mun koma ɗaki ɗaya ɗaya,
Ɗaurin nan shi ya girgiza zuciya,
Har majalisa ta ɗauki batun.

Malam, har yanzu ina jiran amsarka a kan wanda zai ci da marayun, ko da ɗangon ya yi tsawo.