Tarihin rayuwar kaka: ta ina za a gyara kallon da Turawa ke yi mana?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Malamai, mai son rubuta tarihin rayuwar kakarsa don a fassara wa Turawa, waɗanda yunwa da yaƙi kawai suka sani game da Afirka, ta ina zai fara? Da raddi zai buɗe?

Uwar Ɗaki:
Wa alaikumus salam. Raddi ne kuskuren farko, ɗana. Da ka ce "mu ba matalauta ba ne", ka hau tabarmar da suka shimfiɗa. Dubi labarin Baba ta Karo, wanda wata Baturiya, Mary Smith, ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, aka buga 1954. Tsohuwar ba ta yi musu da kowa ba. Aure huɗu ta yi, ta faɗi yadda ake ƙulla ƙawance, yadda gandu yake, abin da mace ke juyawa tana cikin kulle. Wanda ya karanta ba zai sake ɗaukar Bahaushiya kurma ba.

A aikace: naɗi murya, zama ɗaya kada ya wuce minti 40, tsoho na gajiya. Kada ka ce "ya rayuwa take a da?", sai ka ji "alhamdu lillahi" kawai. Tambaye ta nawa ne sadakinta, wa ya kai lefe, me ta dafa ran suna. Kwafe da Hausa tsaf kafin fassara. Awa ɗaya ta murya kan ci awa huɗu zuwa shida.

Alƙalami:
Wajen fassara ake yin ɓarin. Kulle ya koma kurkuku, sadaki ya koma kuɗin sayen mace, bori ya koma maita. Bar kalmar da Hausarta, abin da ya faru a labarin ya bayyana ta. Kuma kada a yi kwaskwarima: Baba ba ta ɓoye harin bayi da rinji (ƙauyen bayi) ba, shi ya sa ake gaskata sauran.

Bagobiri:
Malam, a ƙara da juya madubin. Dorugu, yaron da Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya kai Ingila a 1855, ya ba ɗan mishan Schön labarinsa, aka buga 1885. A ciki shi ne mai kallo, Turawa ne abin kallo, har yadda suke zaman cin abinci. In kakar ta taɓa ganin Joji (Baturen mulki) ko likitan mishan, tambaye ta yadda ta gan shi, da laƙabin da mutanen gari suka sa masa.