AS da AS su yi aure da bangaskiya? Muhawara kan gwajin jini da dogara ga Allah

Ɗan Sabon Rai: Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Majami'u da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar jinotaif, wato gwajin irin jinin da mutum ya gada daga iyayensa, idan kuwa saurayi da budurwa duk AS ne, kwamitin aure ya ce su haƙura da juna. Ni a wurina wannan ƙarancin bangaskiya ne, ana kiransa hikima. Karin Magana 3:5 ta ce mu dogara ga Ubangiji da zuciya ɗaya, kada mu jingina ga namu ganewa. Mutum biyu sun yi addu'a da azumi, sun sami salama, sai takarda guda ta shiga tsakaninsu? Wanda ya halicci jini zai kasa gyara shi ne? Abin da Allah ya gama, kada mutum ya raba.

Mama Nas: Ɗana, mu fara sanin abin da takardar take faɗa tukuna. Kowane yaro yana gadon harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba: A lafiyayye ne, S na sikila ne, mai AS yana ɗauke da S amma ba shi da ciwon, mai SS shi ne mai sikila. Idan su biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zama SS, 50 na AS, 25 na AA. Inda mutane suke ruɗewa shi ne su ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai zo da sikila. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa daban. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya. Idan ma'aurata AS suka haifi huɗu, yiwuwar babu mai sikila a cikinsu kusan kashi 32 ne, wato gida ɗaya cikin uku. Wannan gidan ne yake tashi ya ba da shaida ran Lahadi, mu kuma yi tafi, kuma daidai ne a gode wa Allah. Sauran gidaje biyun suna ɗakin yara a asibiti, ba mai miƙa musu makirfo.

Ɗan Sabon Rai: Mama, ai lissafin mutum kenan. Allah ba ya bin kashi.

Malamin Littafi: Ɗan'uwa, Matiyu 19:6 da ka kawo, Yesu yana amsa tambayar Farisiyawa ne a kan saki. Maganar waɗanda suka riga suka zama nama ɗaya ce. Baiko ba aure ba ne. Sa'an nan ka duba Matiyu 4:5-7. Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar haikali, ya karanta masa Zabura 91, cewa mala'iku za su tallafe shi. Ayar gaskiya ce, alkawarin ma gaskiya ne. Amma Yesu ya amsa da Maimaitawar Shari'a 6:16: kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Dogara ita ce ka bi hanyar da Allah ya sa ka, ko akwai hatsari. Gwadawa kuwa ka zaɓi hatsarin da kanka, sa'an nan ka ce dole ya tare ka. A ina aka yi wa wani alkawari cewa in ya yi azumi, S zai koma A?

Baba Dattijo: Malam, kada ka sauƙaƙa abin fiye da yadda yake. Yaron nan yana da nassi a bayansa, ko da bai kawo ba. Ezra 8:21-23. Ezra zai taso da jama'a daga Babila zuwa Urushalima da azurfa da zinariya, hanya cike da mafasa, amma ya ji kunyar roƙon sarki sojoji da mahayan dawakai, domin ya riga ya gaya masa hannun Allah yana kan masu nemansa. Suka yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka kama hanya, suka isa lafiya. Kada kuma wani ya ce manya ne kaɗai suka sa ransu, aya ta 21 ta ambaci ƙananan yaransu.

Malamin Littafi: Gaskiya ne Baba, na karɓa. Sai dai Nehemiya ya yi irin wannan tafiya zuwa Urushalima, ya tafi da shugabannin soja da mahaya da sarki ya ba shi, 2:9, Littafi kuma bai zarge shi ba. A 4:9 ya ce sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Shi Ezran ma, ku karanta daga aya ta 24 zuwa 34, ya auna azurfar kafin a tashi, aka sāke aunawa da aka isa, aka rubuta. Bai ce tunda da Allah muke ba sai an ƙidaya ba. Kuma tafiyarsa aiki ne da aka ɗora masa. Babu umarnin da ya ce dole wane ya auri wance.

Mai gwajin jini: Ku bar ni in sa baki a kan takardar kanta, domin ana raba wasu a banza, ana kuma haɗa wasu a kan kuskure. Rukunin jini, wato A, B, AB da O, daban yake da jinotaif, mutane suna cakuɗa su. Gwajin nan mai araha da ake ɗiga jini a ga ko ƙwayoyin za su lanƙwashe yana nuna akwai S ne kawai, ba ya rarrabe AS da SS, ba ya kuma ganin C, wani harafin da shi ma ake gadonsa. A nemi gwajin da yake rarrabe haruffan, wato ilektiroforesis, in da hali wanda ake kira HPLC. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya jira, jinin wani yana jikinsa, SS zai iya fitowa kamar AS. A yi a wuri biyu daban, kowa ya je da ƙafarsa, wani daga kwamiti ya karɓo sakamakon, saboda ana sayen takarda. AS da AC ma ba su tsira ba, kashi 25 ne na SC, ita ma sikila ce. AS da SS rabi ne. AA da SS kuwa duk 'ya'yan AS za su zama, don haka mai sikila ba a hana shi aure ba.

Mama Zumunta: To ni fa laifin kwamiti nake gani. An biya sadaki, an sa rana, an ɗinka anko, saura mako uku a ce a kawo takarda. Wace zuciya ce za ta janye a lokacin? Dole su fake da bangaskiya, ko su nemi takardar ƙarya. A yi gwajin tun a Sabon Rai da ƙungiyar matasa, kowa ya san harafinsa kafin ido ya faɗa kan wani. Sa'an nan mu kula da bakinmu. A cikin masu karanta wannan akwai SS, akwai iyayensu. Yahaya 9:3: ba shi ya yi zunubi ba, ba iyayensa ba. Kada yaro ya ji ana magana kamar haihuwarsa kuskure ce.

Mama Nas: Amin, 'yar'uwa. Kuma ga waɗanda suka riga suka yi aure, ba maganar rabuwa. Dogararsu ga Allah aiki ce ta kullum. A gwada jariri da wuri, domin alamu ba sa bayyana sai wajen wata shida, lokacin da jinin da ya zo da shi daga ciki ya ragu. Sau da yawa kumburin hannu da ƙafa ne farko. Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi maimakon 120, shi ya sa ake ba da folik asid kullum. Saifa tana lalacewa tun yana ƙarami, don haka likita kan sa fenisilin har shekara biyar, da cikakken rigakafi. Gidan sauro, ruwa da yawa, rigar sanyi da hunturu. Zazzaɓi ya kai 38.5, asibiti a ranar, a yi addu'ar a hanya, ba a kwana da shi a wurin addu'ar dare ba. Daga shekara 2 zuwa 16 akwai hoton jijiyoyin kai da ake yi shekara-shekara don gano hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon, amma sai da likita da gwajin jini a kai a kai. Wani abin da yake kashe yaran nan shi ne a ce an karɓi warkarwa, a zubar da magani. Ishaya ya kawo wa Hezekiya maganar Allah cewa zai warke, shi ne kuma ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun, 38:21.

Ɗan Sabon Rai: Na ji duka. Amma in mutum biyu sun san wannan lissafin sarai, sun ce sun ji sun gani, ikkilisiya tana da ikon hana su?

Baba Dattijo: Nan ni da wasu dattawa muka rabu. Ban ga ayar da ta mai da auren nan zunubi ba, don haka ban yarda a hore su ko a hana su Jibin Ubangiji ba. Amma zan tambaye su tambayar Daniyel 3:18. Mutanen nan uku da sarki ya ce za a jefa su cikin tanderun wuta in ba su yi wa gunki sujada ba sun ce Allahnsu yana da iko ya cece su, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi sujada ba. In bangaskiyarku ita ce ba za ku haifi SS ba, ba ku shirya ba. Ku zauna da iyayen mai sikila tukuna, ku ji kuɗin magani na wata, ku ce mini wa zai kwana a asibiti, ko za ku iya riƙon maraya maimakon haihuwa.

Malamin Littafi: Baba, su ukun jikinsu suka kai bakin tanderun. A nan kuwa wanda zai ji zafin ƙashin ba a haife shi ba, ba a kuma tambaye shi ba. Ni dai da a ce ina kwamiti, ba zan sa hannu ba.

Mama Zumunta: To sai su tafi rajista ko wata majami'ar da ba ta tambaya, mu rasa su gaba ɗaya, ranar da ciwon yaro ya tashi kuma su ji kunyar kiranmu. Malam, wannan fa ka lissafa shi?