Wai tunda Maldibs ƙasar Musulmi ce, sai mutum ya kai iyalinsa hankali kwance?

Daga zauren WhatsApp na dangi, daren Lahadi bayan isha'i.

Yaya Babba: Assalamu alaikum mutanen gida. Shawara nake nema, ko da yake na riga na yanke rabi. Watan Janairu ni da Maman yara za mu cika shekara 20 da aure, kuma tun da aka kawo ta daga Tudun Wada ban taɓa fita da ita ko'ina ba, in ban da Umara sau ɗaya. Ina so in kai ta tsibiri, kwana bakwai, irin ɗakunan nan da ake kafawa a kan ruwa. Maldibs na tsayar. Dalilina guda ne: ƙasar Musulmi ce ɗari bisa ɗari. Ba tambayar yankan waye, ba ganin tsiraici, ba giya. Mutum ya kai iyalinsa hankali kwance.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Ɗaki a kan ruwa kuma? Ɗan nan, ƙasa ce ta ƙare?

Kawu: In tsibiri kake nema, ai ga Tsibiri nan a ƙasar Giwa, ko fasfo ba a tambaya. Ka cika tanki a Kwangila, kafin la'asar kun dawo.

Yaya Babba: Allah ya ja da ran Kawu, da gaske nake.

Taubashi na Samaru: To bawana, tunda da gaske kake, bari ubangidanka ya gyara maka karatu. Rabin maganarka gaskiya ce. Tsarin mulkinsu na 2008 ya ce wanda ba Musulmi ba ba zai zama ɗan ƙasa ba, kuma matafiyi ba ya shiga da giya ko naman alade ta filin jirgi, karɓewa ake yi. Amma wannan Maldibs ɗin ta mutanen gari ce. Wadda kake gani a hoto daban take. Tsibirai ne kusan 1,200, waɗanda 'yan ƙasa ke zaune a kai ba su wuce wajen 200 ba. Otal ɗin shaƙatawa kuwa tsarinsa shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya, babu gari a ciki, babu unguwa, daga baƙi sai ma'aikata. Kuma a waɗannan tsibiran gwamnati ta ba da lasisin sayar da giya. Haka aka tsara abin tun da aka buɗe otal na farko a 1972: a raba baƙo da ɗan gari, kowa ya yi rayuwarsa. Kai kuma ɓangaren baƙin za ka biya kuɗi ka je.

Yaya Babba: Wa ye bawanka? Kai dai karatu ya yi maka yawa. Ka taɓa zuwa?

Taubashi na Samaru: Da albashin jami'a? Ko Legas sai an yi taro.

Dakta: Ni na je, Yaya, ni da maigidan, kuma maganar Malam na Samaru haka take. Ranar farko da muka shiga wurin cin abinci, tebur na kusa da mu kwalba ce a kai. Bakin ruwa kuma ba sai na faɗa ba, kowa da shigarsa ta wanka irin ta Turawa. Abinci ba mu sha wahala ba, kifi ne ya fi yawa, kaza da naman sa sun ce mana na halal ne, inda akwai alade kuma an rubuta an ware. Akwai masallacin ma'aikata a bayan tsibirin, maigidan can ya riƙa zuwa. Amma a ce wai ba za ka ga abin da ba ka so ba, wannan kam a'a.

Yaya Babba: To ke da kika je, kin yi nadama?

Dakta: Ko kaɗan. Sai dai abin da ya ba ni sutura ba addinin ƙasar ba ne, ɗakin da muka kama ne. Yana da ɗan tafkin wankansa, da katanga ta gefe biyu, da matakala da ke sauka cikin teku. Na yi wanka yadda nake so babu idon kowa. Wannan kuwa kuɗi ne ya saya. Da ƙaramin ɗaki muka kama a bakin yashi, da a cikin hijabi zan ƙare hutun ina kallon ƙasa.

Kawu: Kun ji ko. A je a biya miliyoyi don a ɓuya a ɗaki. Wanda ke son ɓuya ai ga ɗakinsa nan a Ƙofar Doka, kyauta. Ni fa ba haramci na ce ba, kada a ɗora mini. Cewa na yi kuɗin nan zai kai mutum biyu Umara har da canji, ko ya biya wa yaran marigayi kuɗin makaranta na shekaru.

Yaya Babba: Kawu, yaran marigayi ni nake biya musu tun rasuwarsa, kuma ba zan fasa ba in sha Allahu. Wannan daban na tara shi.

Kawu: Na sani, Allah ya saka. Na dai faɗi nawa.

Anti ta Sabon Gari: Ni ku bar ni in kawo Zanzibar. In Musulunci ake nema a gani da ido, can ne. Ka fito daga masauki ka ji kiran salla, mata da lulluɓi, maza da hula da farar riga, ka shiga tsohon garin nan na dutse da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, lunguna kamar na cikin birnin Zazzau, sai dai ƙofofinsu na katako masu sassaƙa. A kai ka gonar kayan ƙamshi ka ga kanumfari da kirfa a jikin bishiya, ba a ƙullin leda ba. Otal masu tsada kuma suna nan a Nungwi da Kendwa. Tafiyar ma ta fi sauƙi: jirgin Habasha daga Kano ko Abuja zuwa Adis Ababa, daga nan sai Zanzibar. Bambancin lokaci awa biyu kacal. Maldibs awa huɗu ce, ga zaman jira a Doha ko Dubai.

Dakta: Anti, Nungwi ɗin ma ai Turawan ne a bakin ruwa, da shigarsu.

Anti ta Sabon Gari: Su ne, ban musa ba. Amma kina da wurin gudu. Ki hau mota ki shiga gari, ki ci abincin mutane, ki yi ciniki a kasuwa. A tsibirinku in kin gaji da kallon ruwa ina za ki? Kwana bakwai fa ya ce. Ni ranar uku zan fara ƙirga katakon rufi.

Auta: Ni a bar ni da lissafi, tunda ni za a sa cike takardu. Ta wajen biza Maldibs ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: a filin jirgi ake buga ta, kwana 30, kyauta, in kana da tikitin dawowa da shaidar kama otal. Akwai fom na intanet da ake kira IMUGA, a cike shi cikin awa 96 kafin sauka. Tanzaniya kuwa ɗan Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa. Sannan tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙo inshorarta, dala 44 kowane mutum. Katin rigakafin shawara kuwa duk inda aka zaɓa a tafi da shi.

Yaya Babba: Ka ji! Auta ta goyi bayana.

Auta: Ban gama ba, Yaya. Farashin da kake gani a shafin otal sau da yawa babu haraji a ciki. Ɗauki misali ɗaki dala 1,000 a dare. Za a ɗora kashi 10 na hidima, ya zama 1,100. A kan wannan a ɗora harajin yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 daga Yulin 2025, ya zama 1,287. Sai harajin muhalli dala 12 kowane mutum kowane dare, ku biyu 24. Ɗakin dubu ɗaya ya koma 1,311 ke nan, ba a ci ko tuwo ba. Ka ninka sau bakwai, sannan ka tambayi 'yan canji nawa dala take ranar.

Dakta: Ki ƙara masa jirgin ƙarshe. Filin jirgin Velana yana kusa da Male, babban birninsu, otal ɗin kuma yana iya zama can wani rukunin tsibirai. In da nisa, sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma shi da rana kawai yake tashi. Mu ejan ɗinmu bai faɗa mana ba. Jirginmu ya sauka da yamma, muka kwana a Hulhumale, tsibirin da ke kusa da filin jirgin, muka biya ɗaki biyu a dare ɗaya: wanda muka kwana da wanda ke jiranmu a kan ruwa. Ka zaɓi jirgin da zai sauka da safe, ko otal ɗin da jirgin ruwa mai gudu ke kaiwa. Kuma ka ɗauki tsarin da abinci ke cikin farashi, don a tsibirin babu mai shayi, babu inda za ka je ka sayi ruwa da arha.

Gwaggo: Jirgin sama ya sauka a ruwa da gangan? Inna lillahi. Ni dai in an tafi a bar mini yaran.

Taubashi na Samaru: Gwaggo, bari in ba ki abin da zai sa ki ji wurin kamar gida. Kuɗin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda ya sa har yau muke cewa kuɗi, daga tekun Maldibs aka riƙa samo shi. Can ne mahaifarsa. Ibn Baɗɗuɗa, shahararren matafiyin nan, ya zauna a Male wajen 1343 har ya yi alƙalanci, ya ga yadda ake tara wuri ana sayarwa, daga baya kuma ya gan shi ana kashewa a Mali da Gao da tsada ninkin ba ninkin. Abin dariyar shi ne Zanzibar ɗin Anti ita ta karya shi. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara jido wani irin wuri mai arha daga gaɓar Zanzibar zuwa Legas, ya cika kasuwa, darajar wuri ta faɗi. Wato musun da kuke yi yau, an taɓa yin sa a kasuwa, da keso-keson wuri.

Kawu: To ashe bawan naka mayar musu da kuɗinsu zai je yi.

Taubashi na Samaru: Da riba ma, Baba. Kuma ga wadda ta shafi maganarmu kai tsaye. Shi alƙalin, duk da ƙasar ta karɓi Musulunci tun 1153, ya ba da labarin yadda ya yi ta fama matan tsibirin su rufe jiki bai ci nasara ba, sai dai ya hana su shiga kotunsa sai da sutura. In alƙali mai sanda bai iya ba, kai da katin banki za ka iya?

Yaya Babba: Wannan shekara ɗari shida da wani abu ke nan. Yau matan Male da hijabinsu suke.

Taubashi na Samaru: Suna nan da shi, amma ba Male za ka kwana ba. In mutanen gari kake so, tun 2009 aka ba su damar buɗe masaukin baƙi a tsibiransu, irin Maafushi. Can babu giya, akwai jam'i sau biyar, Turawa ma an keɓe musu gefe guda na wanka. Ga arha. Sai dai babu ɗakin kan ruwan da ka ɗora a hoton WhatsApp ɗinka.

Anti ta Sabon Gari: Ka ga ni da an bi tawa, duka biyun a tsibiri ɗaya suke.

Dakta: Janairu dai ya yi daidai da Maldibs, Disamba zuwa Afrilu ne ranin su, ruwa garau. Shi ya sa kuma lokacin ya fi tsada.

Maman yara: Assalamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, ana ta raba ni tsakanin tsibirai ba wanda ya ce me nake so. Kawu, Gwaggo, a yi mini afuwa. Ni ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwata ba tun ina yarinya a bakin Kubanni, aka zane ni a kai. Abin da nake so shi ne irin ɗakin da Dakta ta faɗa, inda zan shiga teku ba mai kallona. Ko ƙasar ta waye, ni ba dokarsu zan sa a jiki ba. Amma kwana bakwai a ɗaki ɗaya ya yi yawa, Anti ta yi gaskiya. A yi uku a kan ruwa, sauran a tsibirin mutanen gari, in ga kasuwarsu, Abban yara ya yi Juma'a a tsohon masallacin nan na Male in ana yi a ciki, ko a babban.

Yaya Babba: Ai dama abin da nake nufi ke nan.

Taubashi na Samaru: Ƙarya kake, bawana. Ka hau sama ka karanta abin da ka rubuta.

Kawu: Ni har yanzu ina kan Umara. Amma tunda 'yar gida ta yi magana, na yi shiru.

Auta: Maman yara, turo mini hoton fasfonki in fara duba jirage.

Maman yara: Af. Auta, ina jin fa ya mutu tun bara.