Wai ware shara a gida doka ce ko al'ada?

Maman Ilham, Ɗorayi:
Salam 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni. Sati biyu nayi a Gezawa wajen surukata, naga su basa haɗa shara, toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa suna gefe guda a bayan gida har sai an zo kai taki gona, leda kuma daban, ranar dana watsa ledar piya wata a cikin tokar Inna da kanta ta sunkuya ta tsince tace leda kashe gona take kuma in akuya ta haɗiya sai dai wuƙa. Wlh naji kunya. Mu nan komai buhu ɗaya muke durawa almajiri yakai bola. To doka ce a can ko me?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Wslm Hajiya, ba doka bace, noma ne yasa. Mu a birnin Kano abinda aka sani shine tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, 7 zuwa 10 na safe, sai hukumar REMASAB dake da alhakin kwashe shara. Warewa kam 'yan jari bola ke yi, ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe duk a kilo ake saye kuma jan ƙarfe yafi tsada, fasasshen bokiti da mataccen silifas su tafi wajen masu niƙa roba a Sharaɗa da Dakata su dawo miki a buta. Ki ajiye buhu na biyu kawai, har ƙofar gida zasu zo da sikeli.

Malama Hajara, Gwale:
Gari da gari kam akwai bambanci. Borno a 2023 gwamna Zulum ya hana jari bola saboda 'yan Boko Haram na kashe masu shiga daji neman ƙarfe, Legas kuma 2024 suka hana farin mazubin takeaway ɗinnan. Ni ledar ce ke ci min rai, ita ke toshe mana kwata, damunar bara ruwa har tsakar ɗakina, katifa biyu muka yar.

Maman Ilham, Ɗorayi:
Allah ya mayar da alheri Malama. Malam na gode, to robar lemo fa, suna saye ko masu zoɓo zan tarawa?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Mai murfi ki wanke ki ba masu zoɓo, sunfi biya. Wadda ta lotse ki haɗa a buhun kilo.