Na'urar wuta ga ƙaramar kwamfutar da ka haɗa da kanka

Da muka tattauna batun PSU, wato na'urar da ke ba sassan kwamfuta wuta, kusan kowa da awo ya fara. Yawancin ƙananan akwatunan kwamfuta ƙaramin samfurin PSU da ake kira SFX suke ɗauka, mai zurfin milimita 100. SFX-L ya kai 130, fankarsa ta fi girma, ƙararta kaɗan, amma tsawon nan kan matse katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo.

Game da ƙarfi kuwa, ka haɗa wat ɗin firosesa da na katin hoto, ka bar rara. Alamar 80 Plus Gold, shaidar ƙarancin asarar wuta a PSU, na nufin ƙarancin zafi, kuma zafi shi ne matsalar akwati matsattse.

Gargaɗin da ya fi tsaya mini a rai: wayoyin wuta na PSU da ake iya cirewa, kada ka haɗa na wani samfuri da wani. Bakinsu na iya shiga daidai, su ƙone maka faifan ajiya.