Coryza: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Kajin Mma goma sha huɗu ne a bayan gida. Cikin sati ɗaya tara suka kamu: fuska ta kumbura, ido ya liƙe da kwantsa, hanci na zuba. Na sa biyu a kwali na kai wa likitan dabbobi, ya duba ya ce coryza ce, ya rubuta magani. Da na dawo Mma ta ce me ya ce? Na ce koraiza. Ta ce ita kuma 'yar gidan wa ce? Yanzu matan layinmu sun matsa in yi musu saƙon murya a WhatsApp in bayyana abin da likita ya faɗa, don kusan kowace tana da kaji, kuma kowace "ciwon ido" take cewa ta je ta sayo maganin ɗigawa na mutane. Ina neman sunan da tsohuwa za ta ji sau ɗaya ta riƙe.

Malamin Asawase:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ba abin wahala ba ne. Kalmar asalinta ta Girkanci ce, ma'anarta zubar hanci, wato mura. Turawa ma aro suka yi. Ka ce murar kaji ka huta.

Ɗalibar likitan dabbobi:
Malam, a gafarce ni, ina jin tsoron wannan sunan. Mun riga mun ba da "mura" ga murar tsuntsaye, kowa ya san ta da haka a rediyo. Ita ce ta ɓulla kusa da Tema a nan Gana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021, aka hallaka kaji a gonaki. Idan Yaya ya ce "murar kaji ta shigo Aboabo", kafin la'asar maganar ta isa kasuwar Kejetiya ta nan Kumasi a matsayin murar tsuntsaye, masu sayar da kaji su yi asara a banza. Wanda ya fi wannan muni: ranar da ta gaskiyar ta zo, mutane su ce ai murar nan ce da aka ce tana jin magani, su yi ta zuba kafso a ruwa maimakon su kai rahoto. Cututtukan ba su haɗa komai ba. Koraiza bakteriya ce, tana jin magani, ba ta cika kisa ba, ba ta kama mutum. Waccan bairos ce, sai ka wayi gari ka tarar da rabin akurki a kwance, zanko ya yi shuɗi-shuɗi.

Malamin Asawase:
To, na ji. Amma kada ku zo mana da kalmar da sai an yi numfashi biyu kafin a gama faɗinta.

Yaron tattabaru:
Afolon kaji! Ido ya liƙe, yana yaɗuwa gida-gida, me ya rage?

Baƙon Kano a Alabar:
Wallahi yaron nan ya ba ni dariya. Mu ma a can Afolo muke ce wa ciwon idon nan na mutane mai yaɗuwa, ban san daga nan sunan ya taso ba sai da na zo Kumasi.

Malamin Asawase:
Daga nan ne. A 1969 ciwon ya ɓarke a Gana, shekarar da kumbon Afolo 11 ya sauka a wata, mutane suka ce shi ya kwaso mana. Ina yaro lokacin. Kun ga yadda suna ke kama bakin jama'a ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Amma nan ba zai yi ba. Ɗana ya ce matsalarsa mata suna sayen maganin ɗigawa, kai kuma ka kawo sunan da zai tura su kemis da gudu.

Ɗalibar likitan dabbobi:
Haka ne Malam. Ciwon ma ba a ido yake zaune ba. Akwai wani kogo a ƙarƙashin idon kaza da ya haɗu da hanci, nan ƙwayar cutar take taruwa. Shi ne yake cika ya tura fatar ido ta rufe. Kuma mugunyar kaza ba irin tamu ba ce mai ruwa, daskarewa take yi, shi ya sa kumburin ba ya fashewa ya tsiyaye. Ko kwalba goma ka ɗiga a ido, gidan cutar ba ka taɓa shi ba. Duk sunan da ya fara da "ido" ina ƙin sa.

Baƙon Kano a Alabar:
To ku duba yadda Hausa take raɗa wa cutar dabba suna. Makiyaya suna cewa huhu, suna cewa hanta, wato inda cutar ta sauka. Ko kuma a ɗauki abin da take yi, kamar shan inna. Da na ce rufa-ido, sai na tuna wannan na masu dabo ne. Kumbura-fuska kuwa sai a ɗauka amarya ce ta yi fushi. Ga nawa na gaske: hangum ɗin kaji. Duk wanda ya taɓa ganin yaro da hangum, ya ga kazar nan, zai ce tabbas.

Ɗan Aboabo:
Alhaji wannan ya shige ni. Gajere ne, kuma hoton ya fito.

Hajiya mai ƙwai:
Ku dakata. Na bar ku kuna ta yi ne don ina kan tsinke ƙwai. Alhaji, hangum me ake yi masa a gidajenmu? A shafa wa yaro wani abu a kumatu a jira ya wuce. Ka ce wa mace hangum ne, za ta naɗe hannu ta jira. Wata kuma ta hana jikokinta zuwa bayan gida, wai kada kaza ta shafa musu. Ni shekara ashirin da wani abu ina kiwo a Sabon Zango, kuma ban taɓa gane cutar nan da ido ba. Hancina ne ke gaya mini. In na buɗe akurki da asuba na ji wani wari kamar an manta da ɗanyen nama a leda, na san ta shigo, tun kafin fuskar kowa ta tashi. Sai ka ɗaga kaza ka ga dusa ta manne mata a hanci, gashin kafaɗarta ya yi dauɗa don nan take goge fuska. Ni da yarana "majina mai wari" muke cewa. Ban san ko Hausar littafi ba ce.

Ɗalibar likitan dabbobi:
Hajiya, abin da kika faɗa shi ake koya mana a jami'a, sai dai ke kin faɗe shi da kyau. Warin nan yana cikin manyan alamun da ake bambanta ta da sauran cututtukan numfashi, musamman in ta kwana biyu wasu ƙwayoyin cuta sun hau kai. Ba kowace kaza ce za ta yi warin ba, ya kamata Yaya ya faɗi haka a saƙon. Amma sunan yana kai hankali hanci, can kuwa cutar take. Da saurinta ma ana gane ta: daga kamuwa zuwa bayyana kwana 1 zuwa 3 ne, kuma ƙwai yana iya raguwa da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari.

Tunda za ka yi saƙon, Yaya, ga abin da nake so ya shiga. A ware masu ciwo da kaskon ruwansu daban, don ta ruwan sha da atishawa take bi. A wanke ido da tafasasshen ruwan da ya huce, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi a lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu, da auduga sabuwa ga kowace kaza. Ba kananzir, ba lemon tsami, ba barkono. Maganin da likita ya rubuta a ruwan sha ake sa shi, amma kazar da idonta biyu suka rufe ba ta ganin kasko, yunwa da ƙishirwa ne ke kashe irinsu, sai an riƙe ta an ba ta a baki a hankali. A cika kwanakin maganin ko da sun miƙe, a kuma duba jikin takardar a ga kwana nawa za a ƙaurace wa ƙwai da nama. Abin da mutane ba sa son ji: wadda ta warke tana nan ɗauke da cutar, tana iya shafa wa sababbi. Shi ya sa kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo gudummawar suna, a ajiye ta gefe sati uku kafin ta shiga cikin na gida.

Ɗan Aboabo:
Yanzu na gane. Zakara aka kawo wa Mma daga ƙauye kwana huɗu kafin abin ya fara, lafiyayye sumul.

Malamin Asawase:
Hajiya ta yi mana fintinkau. Ni dai ina da ƙorafi ɗaya: majina alama ce, ba cuta ba. Amma sai na tuna amai da gudawa ma alamu ne, ga shi sun zama sunan kwalara, ba wanda ya kai ƙara. Na janye. Sai dai a saƙon ka faɗi duka biyun sau ɗaya, "majina mai wari, wadda likita ke kira koraiza", don in mace ta je shagon maganin dabbobi, yaron shagon wataƙila Batone ne, ba Bahaushe ba, sunan da ke jikin leda ya sani.

Baƙon Kano a Alabar:
Na sallama hangum. Kalma uku ce dai, baki zai taune ta. Ku ba ta wata shida za ku ji ana cewa "mai-warin nan ta shiga kajina".

Yaron tattabaru:
To na baki fa? Kazar maƙwabcinmu ba ta wari, ido lafiya, amma in ka buɗe bakinta akwai wani abu rawaya manne a ciki kamar wagashi, cukun nan na nono. Ba ta iya haɗiya.

Ɗalibar likitan dabbobi:
Ƙanena, wannan wata ƙofa ce ka buɗe. Abu uku ke kawo haka. In akwai ƙuraje masu ɓawo a zanko da gefen ido, cutar ƙuraje ce da sauro ke yaɗawa, ta sauka maƙogwaro. Bairos ce, ba ta da magani sai rigakafi da ake tsirawa a fatar fiffike. Ƙurajen waje a shafa aidin, a kiyaye ido. Ko kuma ƙarancin bitamin A, ga kajin da ba sa cin komai sai farar masara da dusa. Ganye da ɗan manja a abinci suna gyara wannan. Na uku kuwa, kada ka ji haushi, tattabaru ne ke ɗauke da ita, suna zuba ta a ruwan da suke sha tare da kaji. Kada ku ɓanɓare abin da ƙarfi, jini zai zuba. A kai ta a duba.

Malamin Asawase:
Ta ƙurajen, ku ce aganar kaji. Tun 1980 aka tabbatar agana ta ƙare a duniya, sunan na nan zaune ba aikin yi. Kada wani ya ce ƙarambau don ya ji Turawa sun sa kaza a sunan ƙarambau, wancan na yara ne, ba ruwan kaza.

Yaron tattabaru:
Ta ukun ni na raɗa mata: wagashin baki. Kuma tattabaruna ba su da laifi.

Hajiya mai ƙwai:
Kai yaro, da wagashi nake cin wake da shinkafa, kada ka ɓata mini. Nemo wani. Ka kuma ɗauke kaskon tattabarunka daga inda kajin mutane ke sha.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai iyayena. Na naɗi saƙon, minti huɗu, na sa majina mai wari da aganar kaji. Ta ukun na ce "ciwon bakin da ake ɗauka a wurin tattabaru" kafin a samo mata suna. Na kunna wa Mma kafin in tura. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ai da tun farko haka na ce, da ta gane. Zakaran nan kuma ta ce ba za a yanka shi ba sai kwanakin magani sun fita, kyautar ƙaninta ce, shi za a kira ya zo ya ci.